Gaisuwar da Na Yi wa Gwaggo Aro

Shekara da shekaru ina koyar da Hausa ga 'ya'yan 'yan'uwanmu haifaffun Jidda, kalmar rusunawa kuwa ba ta taɓa ba ni wuya a allo ba: mace ta rage tsawo, gwiwa ta lanƙwashe ba ta taɓa ƙasa ba, ta gai da babba. A kan asalinta ne ƙamusoshi suka yi gum. Na laluba Larabci ban samu danginta ba. Da na tambayi Gwaggo, yayar babana da muke zaune tare a unguwar Nuzla, cewa ta yi, "Daga gwiwa ta fito, malamar banza."

Kullum da hantsi Gwaggo takan tsaya a lungun da ke kaiwa kicin, ta rusuna wa bango. Nan ne mazaunin tsohuwar da ta tsince ta a tashar jiragen ruwa tana yarinya, ta riƙe ta. Tsohuwar ta rasu tun ban zo duniya ba.

Ranar da gwiwoyin Gwaggo suka ƙi ɗaukarta, ta ture kwanon abinci. Ba za ta ci ba sai an gai da mutuniyar. Ga ciwon sukari, ga kwana biyu ba loma.

'Yata ta ce, "Haram, ya Gwaggo! Ruku'u ga bango? Khalas, ya isa, ki ci."

"Ruku'u da baya ake yi, ja'ira. Wannan gwiwa ce."

Ni na je. Na duƙa sama-sama, na ce ina kwana, na juyo. Daga gadon Gwaggo ba a hango lungun, amma ina shiga ta ce, "Wa ya ce ki tashi? Babba ke sallamar mai rusunawa. Haka kike koya wa 'ya'yan mutane?"

Na koma. Rana tsaka ce, na'urar sanyaya ɗaki na ta gurnani, mai sayar da ruwa na danna ham a titi. Na rusuna, na gaishe ta, na jira. Cinyoyina suka fara rawa. Ina lissafin yadda zan ba abokan aiki labari su yi dariya, sai na ji an ce, a hankali, kusa da kunnena, "Tashi, 'yar nan."

Na miƙe ina mita, wai sai yanzu Gwaggo ta ga damar sallamata. Na tarar da ita a kan gado, 'yata riƙe da cokali, bakin Gwaggo cike da shinkafa. Ta daɗe tana taunawa kafin ta iya magana.

"A ƙaro miya," in ji ta.