Durgu Mai Yarda

Jiya da hantsi maƙwabciyata ta jiƙa wa kajinta dusa, warin ya tsallako katanga ya same ni ina shanya. Kun san warin nan mai ɗan tsami-tsami. Sai na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu, na koma 'yar shekara takwas a gidanmu na Ƙofar Sauri.

Gidan ƙasa ne, da iccen bedi a tsakar gida, kuma kowace mace a cikinsa tana da kajinta. Ni ma na ce sai an saya mini tawa. Na yi naci har kakata, wadda ta haifi babana, ta gaji da ni. Ranar da wani mutumin ƙauye ya tsaya ƙofar gida da kwandon kaji bisa keke, ta ja hannuna muka fita zaure. Lokacin idonta ya fara rauni, komai da hannu take gane shi.

Ni wani jan zakara na hango, mai ƙaton tukku.

"Zakara? Ki haɗa mu da maƙwabta?" in ji ta. "Mai fara kiwo ba ta zaɓe da ido, ɗiyata. Tsaya ki gani."

Ta zura hannu cikin kwandon ta bar shi shiru. Wasu suka watse, wata ta sare ta. Wadda ba ta gudu ba ita take ɗaukowa, ta sa ta a hammata, ta dafa ƙirjinta, tana karanta Ƙulhuwallahu a hankali. In ta kai ƙarshe zuciyar kazar na ta bugu, sai ta mayar. Ta huɗu ce ta lafa tun ba a kai rabi ba.

"Wagga tana da yarda," ta ce.

Durgu ce, irin kajin nan masu gajerun ƙafafu, wake-wake, ba ta da wani kyan gani. Na zumɓura baki har cikin gida. Sabuwar kaza kwana uku ake ɗaure ta da tsumma a jikin turmi don ta san gida, amma ita a rana ta biyu aka kwance ta, ba ta ko nufi ƙofa ba.

Ban san lokacin da ta shiga raina ba. Ba ta kyarkyara ta cika gida in ta yi ƙwai, ba ta hawa katanga, ba ta shiga tsakin kowa. A tafin hannuna take cin gero. Da bazara tana kwance gindin randa inda ƙasa ke da sanyi, da damina kuma ƙarƙashin gadon kakata. In na tsuguna na ce kur-kur-kur, duk inda take za ta taho tana rangaji. Matan gida har tsiya suke mini, wai ga uwar durgu.

A damina ta biyu kakata ta kwanta ciwo. Ƙanenta ya zo daga ƙauye duba ta, dattijo ne da ya shekara goma bai taka birni ba. Baƙo irin wannan ba a ba shi tuwo da miyar kuka lami. Babana ya ce a kama kaza.

Aka yi ta tsere a tsakar gida. Kajin matan gida, da ba su taɓa yarda da kowa ba, wasu suka haye bedi, wasu suka bi ta rariya. La'asar ta gabato, ruwa na tafasa, babana na tsaye da wuƙa. Sai innata ta dube ni, ta kau da kai.

"Kira taki," ta ce. "Sabo da kaza ba ya hana yanka ta."

Da na sani, da na yi gardama, ko na ruga waje. Amma ba a yi mana tarbiyyar musu ba. Na tsuguna na kira ta. Ta fito daga ƙarƙashin gado, ta taho da rangajinta, ta leƙa tafin hannuna tana neman gero. Babu komai a ciki. Ni da kaina na miƙa ta, kuma ko fuffuka ba ta yi ba.

Da aka kai wa kakata romo, ta shinshina, ta laluba ƙarƙashin gado da hannu.

"Ina durgu?"

Ta ture kwanon, ta jawo ni jikinta.

"Laihina ne," ta ce. "Ni na zaɓa miki wadda ba ta san gudu ba."

Ba ta ga kakar shekarar ba. Allah ya jiƙanta. Na yi kukan rasuwarta, amma gaskiya rabin kukan na durgu ne, kuma na daɗe ina jin kunyar hakan.

Yanzu ina Kambarawa, a gidan siminti mai ɗan fili a baya. Watan jiya 'yata ta tasa ni gaba sai ta fara kiwo, tana son mai shiru, wadda za ta riƙa ɗauka. Muka je wurin masu kaji, na zura hannu a keji na bar shi. Wata fara ta matso ta jingina da yatsuna.

Na san zamani ya sauya. Ba mai bin kaza da gudu don baƙo, ta firij ake sayowa, a gidana kuma ba wanda zai ce wa 'yata ta kira tata. Duk na san wannan. Amma na janye hannuna, na nuna wata can ƙurya mai zare ido, wadda ta sari mai kajin sau biyu kafin ya kama ta. Har yau ba ta bari a taɓa ta, 'yata kuma fushi take yi da ni, wai ban iya zaɓen kaza ba.