Wadda Ta Zo Ɗiban Wuta

A unguwar Utaiƙa ta Riyad na tashi, a saman wani tsohon bene. Lokacin sanyi, da an idar da magariba, Inna, kakata ta wajen uwa, takan hura gawayi a kasko, ni da ƙanwata Zainabu mu kewaye ta muna gasa hannu. Umara ta zo yi daga Damagaram, sai mahaifiyarmu ta rasu wurin haihuwar Zainabu. Inna ta zo Riyad gaisuwa, ta ɗauki jaririyar ta goya, ba ta koma ba. Bizarta ta mutu, ita ko a jikinta.

"Matso nan, Habu, mai gidana marowaci," takan ce mini, "ga wata nan tafe da ƙafarta."

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta tsohuwar da ta shiga maƙwabta ɗiban wuta, ta tarar da jariri yana ta tsala kuka, mutanen gida duk sun tafi gona. Ta ajiye kaskonta ta goya shi. Da suka dawo suka ce ta ɗan ƙara kwana ɗaya. Gobe ma haka, baɗi ma haka. Ranar da yaron ya iya riƙe fartanya, mai gidan ya dube ta ya ce, "Wai ke ba ɗiban wuta kika zo ba?" Nan Inna takan tsaya. Mu kuwa mu yi ta dariya, don wauta.

Shekarar da kamen marasa takardu ya tsananta, Baba ya dawo daga kamfanin da yake tuƙi da sabon Turanci a bakinsa.

"Inna, kin yi overstay. In jawazat masu binciken takardu suka same ki a nan, igamata, takardar zamana, ta tafi."

"Me ke nan kuma, Baban Habu?"

"Wato mutum ya zauna ya zarce wa'adin da aka ɗibar masa. Ko baƙo ana faɗa masa haka, in ya daɗe har masu gida suka gaji."

Inna ta waiga ta dubi Zainabu tana tuƙa tuwo ita kaɗai. Ta ce, "To. Ai ta girma."

Da kansa ya kai ta tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar gida. Aka ɗauki hoton yatsunta, aka ce kar ta sake dawowa.

Na san tsoron Baba ba na ƙarya ba ne. Amma shekara da shekaru dokar tana nan, bai taɓa jin kalmar ba sai da renon ya ƙare. Abin da ke cin raina ke nan. Yanzu na iya Turancin, na kuma ga kalmar kwanaki kawai take ƙirgawa, ba ta tambayar wa ya ci moriyar zaman.

A Damagaram Inna ta rasu, ba mu sake ganinta ba. Baba ya shimfiɗa tabarma yana karɓar gaisuwa, yana ce wa mutane, "Uwa ce a gare mu." Na ɗauki takalmana na fita.