Bakaniken da Ya Ƙi Toshe Kunnensa

Zomo ake ce masa, ba kuma don gudu ba, don mutumin nan ko ruwa ake tafkawa a hankali yake tafiyarsa. Kunnensa ne ya ja masa sunan. Tun yana koyon aiki a garejin Oga, tsohon bakaniken da ya raine shi a sana'a, mota za ta kunno kai daga bakin layi, kafin direba ya taka birki sai ka ji ya ce, "Wannan boris ɗin tayarta ya tafi," ko kuwa, "Fulogi ɗaya ba ya ci." A buɗe a duba, a tarar haka ɗin ne. Oga kuwa ba ya yabo, bai ma san ta inda ake fara shi ba. Iyakarta ya ja tsaki ya ce, "To uban 'yan ji, sai a ɗauko sifana, ko da kunnen za ka kwance ta?"

Yana son aikin nan ba da wasa ba. In ya sunkuya kan inji ya lumshe ido, sai ka rantse labari ake ba shi. Ya sha gaya wa matarsa cewa kowace mota da muryarta: akwai mai raki, akwai mai haƙurin da ba ta faɗin ciwonta sai ya ci ƙarfinta. Ita kuwa ta ce, "Motoci dai kake ji, Baban yara. Ni da nake ta cewa rufin ɗaki na yoyo, wannan ba ta shiga ba." Su yi dariya, ta gyara zaman robar da ke tarar ruwa a gefen gado.

Sai dai dariya ba ta biyan haya. Aikin gareji yau a samu, gobe a wuni a kan benci ana hamma. Yara suka fara tasawa, makaranta ta buɗe baki, mahaifiyarsa kuma ta kwanta irin ciwon da ba ya jin magani mai araha. Ana cikin haka wata masaƙa a bayan gari ta nemi mai kula da injuna. Albashi mai tsoka, ga asibiti kyauta har da iyali. Wa zai ƙi?

Ya sami Oga kwance ƙarƙashin wata motar haya, ƙafafunsa kaɗai ake gani.

"Oga, na sami aiki a masaƙa."

Can daga ƙarƙashin motar aka ce, "Can ai ba gyara ake yi ba, gadin ƙarfe ake yi."

"Na ɗan lokaci ne. Da zarar na tara abin buɗe nawa garejin zan dawo."

"Kowa haka yake cewa. Miƙo min sifanar can."

Ya miƙa masa. Sallamar da suka yi ke nan.

Masaƙar wani dogon ɗaki ce mai rufin kwano, injunan saƙa jere sahu-sahu, kowane na bugawa kamar ana biyansa don ya fi na kusa da shi ƙara. Ɓurɓushin auduga na yawo a iska, yana sauka a gira da gashin baki, matasa ma sai su tashi aiki da furfura. Ba a hira a ciki. Da hannu ake magana, in abin ya yi tsawo a kalli bakin juna. Ranar farko aka ba shi abin toshe kunne, kamar ƙananan kofuna biyu haɗe da lanƙwasasshen ƙarfe, aka ce kada ya kuskura ya shiga ba tare da shi ba.

Ya sa. Duniya ta yi ɗif. Ya tsaya gaban inji yana kallonsa kamar baƙo, bai san lafiyarsa ba, bai san ciwonsa ba. Kai, ina! Bakanike ya toshe kunne, to da me zai yi aikin? Ya sauke abin ya rataye a wuya. Nan take, a cikin wannan hayaniyar, ya tsinci wani inji a sahun ƙarshe yana ɗan kuka siriri, ya je ya tsayar da shi kafin ya ɓalle. Daga ranar ya sami abin da zai riƙe ransa da shi a wurin. In ya hango shugaban sashe ya ɗora abin a kai, in ya wuce ya mayar wuya. An yi masa faɗa, an ja masa kunne har a ofis. Ya ce to, ya fito ya ci gaba da halinsa.

Gaskiya dai albashin ya yi rana. An canja gida, an daina tarar ruwa a roba. Mahaifiyarsa ta yi jinya a gado mai tsabta, ta cika a hannun likitoci, ba a kan tabarma ana jiran a samo na allura ba. Yara suka yi karatu, babbar har ta zama malamar asibiti. Bai taɓa cewa ya yi da-na-sani a kan waɗannan ba, kuma da ya faɗa da ya yi butulci. Amma aikin bai taɓa shiga ransa ba. Injin saƙa ba ya zuwa daga ko'ina, ba ya tafiya ko'ina. Ba direban da zai tayar da motarsa, ya ji ta dawo daidai, ya washe baki ya ce Allah ya yi albarka. Ɗan lokacin nan da ya faɗa wa Oga ya yi ta miƙewa, bana ya ce baɗi, baɗi wata hidimar ta taso, har furfurar ta daina zama ta auduga.

Abin kuma a hankali ya zo, kamar wasa. Ya fara da wani kuka a kunne irin na gyare, in ya kwanta ya ƙi tafiya. Sai rediyo ya zama ba ya da murya sai an ƙure shi. Matarsa ta kira shi daga tsakar gida, ta sake kira, sai ta zo ta dafa kafaɗarsa.

"Baban yara, ka je a duba kunnen nan mana."

"Ni? Kunnena? Mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in suna magana."

Abin da ya cuce shi, a masaƙa kowa bakin ɗan'uwansa yake kallo, shi ma ya ƙware. In kana gabansa zai amsa maka tiryan-tiryan, har shi kansa ya yarda ji yake yi. 'Yarsa ta yi magiya, ta yi fushi, ta yi kuka. Ya ce in ya bar aikin ƙarar za ta fita da kanta. A can ƙasan ransa tsoro ne fal, don ya san in likita ya faɗi abin da yake gudu, to garejin da ya rayu yana jira ya rushe tun ba a gina shi ba.

Da auta ya gama makaranta, Zomo ya ajiye aiki. Ya kama wata rumfa a bakin titi kusa da mai faci, ya share, ya kafa benci, ya jera sababbin sifanu a jikin allo daga ƙarama zuwa babba. Safiyar da ya buɗe, matarsa ta biyo shi da ruwan sha a jarka, wai ta ga wurin. Rabon da ta ga fuskarsa haka tun suna gidan haya mai yoyo.

Motar farko da ta tsaya ta Oga ce. Tsohon ya ranƙwafa, amma da kansa ya tuƙo tsohuwar motarsa daga wancan gefen gari. Ya fito ya ƙare wa rumfar kallo, bai ce ta yi kyau ba.

"Ashe ka dawo. Saurara min ita, kwana biyu ban gane mata ba."

Ya bar injin a kunne. Zomo ya ɗaga murfin, ya sunkuya, ya lumshe ido kamar yadda ya saba. Wani gurnani ya ji can ƙasa-ƙasa, sumul, babu tangarɗa. Ya ƙara matsawa. Shi ɗin dai ne. Ya ɗago yana murmushi.

"Oga, ai lafiyarta ƙalau. Wannan sai ta binne mu."

Ba wanda ya yi dariya. Mai faci, da ya leƙo don ya ga gwanin da ake ba shi labari, ya sunkuyar da kai ya koma kan tayarsa. Matarsa ta rufe baki da gefen mayafi. Zomo ya ɗora tafin hannu a kan injin, sai ga shi, bugu ne ƙwas-ƙwas-ƙwas yana dukan hannunsa har gwiwa, irin wanda ko mai tallan ruwa zai ce motar nan ba ta da lafiya.

Oga ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya matso daf da fuskarsa, ya buɗe baki sosai yana faɗin kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Haka ne, ɗana. Lafiyarta ƙalau. Tsufa ne ke sa ni jin abin da babu."

Mutumin da ko noti ka ɗaure a karkace sai ya tara maka jama'a, yau shi ne ya rufe murfin da hannunsa, ya dafa kafaɗar Zomo, ya shiga ya ja motarsa a hankali. Da zagi ya yi, da ya fi sauƙi.

Zomo ya bi motar da ido har ta sha kwana. Ya juyo wurin matarsa.

"Tana ƙara, ko?"

Ta gyaɗa kai.

"Sosai?"

Ta sauke mayafin daga bakinta, ta tsaya saitinsa yadda zai ga leɓenta.

"Sosai, Baban yara."

Ya zauna a kan sabon bencin, ƙarƙashin sifanun da ko ɗigon baƙin mai bai taɓa su ba, ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka kamar yaro.