Kunun Sarkin Ruwa da Na'urar Sukari

Har gobe ban manta da ranar da muka kai wa masunta na'urar gwajin sukari ba. Ƙarshen daminar 1996 ne, ina ƙaramin ma'aikacin jinya a wani asibiti a Haɗeja. An kawo mana sababbin na'urori, tsofaffin guda uku suka koma sito suna shan ƙura, alhali lafiyarsu ƙalau. Shugabarmu Sista Rifkatu, 'yar Filato, ba ta iya ganin abu a banza. Ta nemo izinin babban likita, aka ba zumuntar mata ɗaya, ƙungiyar 'yan fansho ɗaya, ta ukun kuma ta ce ni da ita za mu kai wa ƙungiyar masunta a wani ƙauye wajen Baturiya.

Ba banza ta zaɓe su ba. Shugabansu, Sarkin Ruwa Bukar, yana fama da gyambo a ƙafa wanda ya ƙi warkewa. Sista na zargin sukari ne, kuma in aka yi sake sai an yanke ƙafar. Shi kuwa ya rantse ƙayar kifi ce, ya ƙi asibiti.

Ga wanda bai sani ba, aikin da sauƙi: a soki yatsa, a ɗiga jini a tsinken gwaji, lamba ta fito. Amma sai da safe, kafin a ci komai. Mun aika musu da wannan sharaɗi tun da wuri.

Ruwa ya cinye hanya, sai a kwalekwale muka ƙarasa, hantsi ya dubi ludayi. Muna isa na ga tukwane. Kunun gyaɗa da zuma, fura da sukari, ga alkaki, kowa ya sha ya yi nak. Wallahi kamar in yi kuka.

"Ranka ya daɗe, ba mun ce kada a ci komai ba?" in ji ni.

Ya ce, "Malam Likita, mutum ya tuƙo jirgi tun asuba, in ajiye shi a ƙofata ba ko kunu? Gara sukarin ya kashe ni da wannan abin kunya."

Suka matsa sai an gwada. Duk wanda aka soka, lambarsa ta ɗaga. Na yi bayani har muryata ta dushe, ina! Sarki ya yi dariya har da buga cinya.

"Ka ji ƙarfen banza! Gari guda ba mai lafiya? Ku tafi da abinku, mun gode."

A hanyar komawa na ce wa Sista in dai Sarki na numfashi, ko sau goma muka zo sai ya ciyar da su. Sai ta ce, "Malam Hamza, ka cika Musulmi kuwa? Ba kuna azumin Alhamis ba? Wa zai zargi mai gida don bai ba mai azumi kunu ba?"

Kunya ta kama ni, daɗi ya fi ta. Muka roƙi limamin ƙauyen, ya yi shela kowa ya ɗauki azumi ranar Alhamis, ya kuma tabbatar musu ɗigon jini ba ya karya azumi. Ni kuma na roƙa a bar sahur a ruwa kawai.

Ranar Alhamis aka yi layi, baki a bushe. Na wannan daidai, na wancan daidai, ana ta tsokanar juna. Aka zo kan Sarki, lambar ta yi sama ita kaɗai. Ya dubi na'urar, ya dubi ƙafarsa.

"Yau kam ni kaɗai ta nuna," ya ce. "Ku kawo jirgi."

An sallame shi daga asibiti da ƙafafunsa biyu. Na'urar ta zauna hannun sakataren ƙungiya, muna aika musu tsinkaye, Alhamis kuma ta zama ranar gwaji.

Ku da kuke tasowa a aikin nan, abin da na koya shi ne miƙa kaya ba shi ne kyauta ba, sai ka san mutanen da ka miƙa wa. Kada ka yi kokawa da karamcinsu, za su ka da kai. Har Sarki ya bar duniya, duk zuwana sai ya sa an kawo kunu ƙwarya biyu, ya tura mini mai zumar, ya ja marar zaƙin gabansa yana harara ta.