Yaya Bukar da Kwalaben Firij

Duk wanda ya san Yaya Bukar, mijin yayata Falmata, ya san cokalin nan na aljihunsa. Bai taɓa wuce taɓo bai ɗiba ba. Wani ɗaurin aure a Keana, shi ne waliyyi, aka neme shi sama ko ƙasa! Can muka tsince shi durƙushe bakin tafkin gishiri, babbar riga ta sha laka har wuya.

"Yaya, ana jiranka!"

"Kai Modu, ango ba inda za shi. Waɗannan kuwa sai an dace."

"Waɗannan" ɗin ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. Tun yana koyar da kimiyyar magunguna yake kiwonsu a kwalabe, ya yi ritaya bai daina ba. Na ce masa mutane na kiwon raguna, shi yana kiwon iska. Sai ya sa na tuɓe takalmina a tsakiyar kasuwar Lafiya, ya ɗaga su sama.

"Wani maganin haka yake fitowa, hagu da dama a cakuɗe, kamarsu ɗaya. Ɗaya kawai jiki yake so. Ɗayan zaman banza yake, wani sa'in ma ya cutar. Yarana na cikin kwalabe suna da sinadarin da ke cinye ɗaya ya bar ɗaya, ladansu sukari kawai. Kai me ka iya rabawa ban da goro?"

Ya yi gaba yana bayani, da takalmina a hammata.

Babban yaƙin kuwa a kan firij aka yi shi. Ranar Babbar Sallah Yaya Falmata ta kwashe kwalaben ta zuba nama. Wallahi har garin Doma an ji ihunsa!

"Hajiya, ragon nan ya riga ya mutu! Waɗannan da ransu!"

"To su dafa maka tuwo!"

Da ciwo ya kwantar da shi, damuwarsa ɗaya ce: wata kwalba da ya ce ta fara raba hagu da dama tsaf, kada ta mutu kafin tsofaffin ɗalibansa su zo ɗauka. Ya rasu ba su iso ba.

Muna zaman makoki aka ɗauke wuta. Sai ga Yaya Falmata ta leƙo, idanu jawur.

"Modu, tashi ka tayar da janareta. Yaransa za su ji zafi."

Nan take na tashi na tayar da janaretan. Da ransu ɗalibansa suka zo suka ɗauke su.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Allah ya sanyaya makwancinka.