Asabar ɗin Baƙon Kakana

Har yau in kyandir ya cinye ya mutu da kansa, warin nan ya bugi hancina, sai gabana ya faɗi. Bari in gaya maka dalili.

Ina 'yar shekara tara a Bungudu, zamanin Turawa ba su tafi ba, akwai wani Bayahude mai sayen fatu da kan sauka gidanmu. A Gusau yake zaune, amma da kaka yakan yi makonni a wurinmu, Kakana ne mai masaukinsa. Ɗakin da ke gefen zaure aka ba shi. A jikin ƙofar ya kafa wani ɗan abu kamar laya, in zai shiga ya taɓa shi ya sumbaci yatsunsa. Ran Juma'a kafin rana ta faɗi yakan kunna kyandir biyu, ba ya hure su. Daga nan har taurari su fito ran Asabar ba ya ciniki, ba ya hura wuta, motarsa ta ɗaukar fatu kuwa ko kallonta ba ya yi. Sai ya yafa farin mayafi mai geza, ya fuskanci hagu da alƙiblarmu kaɗan, yana karatu yana rangaji.

Kaka mutum ne mai riƙon alkawari har ya yi yawa. Ya yi wa baƙon alkawari cewa ran Asabar ko kaza ba za ta tsallaka ƙofar nan ba, mu kuwa mun san bulalarsa.

To, wata Asabar da hantsi Inna, mahaifiyata, ta sa hannu ta ɗaga tarin harawar gyaɗa, kububuwa ta faɗo ta sare ta a ƙafa. Baba ya tafi fatauci Tsafe. Aka kira mai magani, ya tsaga, ya shafa, ya ba ta jiƙo. Kafin azahar ƙafar ta kumbura har gwiwa, jini na tsattsafowa daga dasashinta. Mota ɗaya ce a unguwar ranar, ta baƙon, ga ta can ƙarƙashin durumi.

Gwaggo, 'yar Kaka, ta durƙusa gabansa. "Baba, ka yi mai magana, a kai ta asibiti."

"Ba ni iyawa," in ji shi. "Mutum na gaban Ubangijinai, in ce ya karya addininai? Mu jira taurari."

Taurari! Rana tana tsaka fa. Na zauna ina goge wa Inna baki da tsumma, tsumman na rinewa. Aka yi la'asar. Da ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tuntuni, wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na bi ta gaban Kaka a guje, na banke ƙofar nan da ba a taɓawa.

Yana tsaye cikin mayafinsa, ɗakin duk warin kyandir. Na ce, "Maciji ya sari Inna, tana mutuwa!"

"Yaushe?"

"Tun da hantsi."

Ban taɓa ganin fuska ta canza haka ba. Ya ajiye littafin, ko mayafin bai cire ba ya fito da gudu. Ya tsaya gaban Kaka yana ihu da Hausarsa ta Larabawa: "Maigida, tun safe? Tun safe kuna zaune? A wurinmu in rai na cikin haɗari, Asabar ce ke jira! Wanda ya tsaya ma shi ne mai laifi!"

Kaka ya miƙe. Shi ya ɗauki kan Inna, baƙon ya ɗauki ƙafafu. Muka kama hanyar Gusau, motar na tsalle, gezar mayafin duk jini.

Da aka shiga da Inna, sai ya bar motar nan inda take, bai sake taɓa ta ba. An miƙa rai ga likita, Asabar ɗinsa ta dawo. Ya zauna a ƙasa kusa da Kaka, har ya ɗaga kai ya ƙirga taurari uku.

Inna ta rayu, amma an yanke ƙafar daga gwiwa. Likita ya ce da da safe aka kawo ta, da ta koma gida da ƙafafunta. A kunnen Kaka ya faɗa.

Na daɗe ina jin haushin tsohon nan, ba zan ɓoye maka ba. Sai da na girma na gane ba mugunta ba ce. Makonni nawa suka ci abinci a tabarma ɗaya, amma kunya ta hana shi tambayar baƙonsa abin da addininsa ya yarda da wanda ya hana.

Yanzu ɗakin ya zama shagon cajin waya, ramin ƙusar layar nan yana jikin ƙofar, yaran ba su san na mene ne ba. Kaka kuwa bai sake dukan kowa ba a kan ƙofa. Shi ya sassaƙa wa Inna sanda da hannunsa, kuma har ya rasu, in ya ji ƙarar sandar tana tahowa, sai ya sunkuyar da kai.