Wanda Anka Ci Shi Ɗauki Inji

Shekarar da anka fara aikin dam a Goronyo ina goye da ɗana na fari. Lokacin da ruwan kanal ya iso fadamarmu yaron ya isa aike. Mai gidana ya rasu kafin babbar ambaliyar nan da ta ci gidaje da gonaki, kuma tsakanin rasuwarsa da ambaliyar ne gem ya shigo zaurena. Ni ban yi boko ba, ban san shekara da lamba ba, amma in na ce abu ya faru bayan kaza kafin kaza, je ka tambayi kowa, haka za ka iske.

Wani malamin asibiti ne ya kawo shi, Kirista, mutumin Zuru, da anka turo garinmu aiki ya kama haya a ɗakin da ke jikin zaurena. Yana da wani ɗan akwati baƙi da yake haɗawa da talabijin, sai ga mutane ƙanana suna buga ƙwallo, shi kuma yana juya su da abin latsawa a hannunsa. Samarin unguwa sunka gano. In ya dawo daga aiki sai ya iske su jere a ƙofa kamar masu jiran sadaka. Da anka yi masa canjin wurin aiki ya ce da ni, "Inna, ki sayi abin ga, kin ga kasuwarsa da idonki."

Na ce, "Ni da ban san gabansa da bayansa ba?"

Ya ce, "Motar da ke kai ki Achida, ke kike tuƙa ta?"

Na sai da tumakina na saya, har da ƙaramin janareta.

An yi ta magana a gari, wai tsohuwa ta buɗe gidan wasan yara. Ban kula ba, na kafa dokokina. Ana kiran salla a kashe inji. Ɗan makaranta ba shi shiga sai an tashi. Ba zagi, ba caca, ko ta sisin kwabo. Na ɗauko kaskon ƙosaina na girka a bakin ƙofa, duk mai shiga sai ya bi ta gabana.

Masu cewa wasan yara ne ba su san su wa ke cika zauren ba. A wancan lokaci ruwan kanal layi ne: masu gona a sama su sha, na ƙasa su jira, wani sa'in tun hantsi har la'asar. Zaurena kuwa bisa hanyar fadama yake. Magidanta da laka a ƙafa, sun jingine fartanya a bango, nan suke jiran layinsu. Sai ka ji an leƙo an ce, "Masu gonar bakin tsamiya, ruwa ya iso," mutum ya jefar da abin latsawa ya ruga. Akwai wanda ya ce a bari ya rama ƙwallo ɗaya tukuna, ruwa ya wuce gonarsa, matarsa ta zo har bakin kaskona ta yi mini ƙorafi. Talabijin ɗaya ya zama uku. Anka buɗe gidajen gem a Wurno da Rabah da cikin Goronyo, amma samarin Rimawa da Shinaka nawa suke zuwa ranar kasuwa, don ni ina yin abin da sauran ba su yi.

Ban taɓa riƙe abin latsawar nan ba har yau. Amma na tashi gidan da ake zuwa kallon kokawa bayan kaka, na san yadda ake zuga namiji. Ina juya ƙosai ina saurare. In na ji zaure ya ɗauka sai in ce, "Wa anka kayar?" A ce wane. In ce, "Ɗan mai tafarnuwa? Ai gadon gidansu ne, kakansa ma a gabana anka aza shi ƙasa." Wanda ya ci kuwa in yi masa kirari da uwayensa da gonarsu, har ya fito yana tafiya kamar ya sayi garin.

Abin bai mutu rana ɗaya ba. Farko injin ban ruwa ya yawaita, kowa ya haƙa rijiyarsa a gona, jiran layi ya ragu. Sannan waya mai gem a ciki ta zo, yaro ya kwanta bisa tabarmar uwarsa ya buga abinsa shi kaɗai. Mai ya yi tsada. Hanya kuma ta lalace da ɓarayin daji, mutanen Shinaka sunka koma tashi tun azahar, daga baya sunka daina zuwa. Gidan gem na bakin tasha ya zama shagon cajin waya, wani ya zama na aski. Nawa ya rage, sai ka iske yaro ɗaya ko biyu, janareta na shan mai a banza.

Ɗana na fari, wanga da ba ni faɗin sunansa, ya zama babban mai albasa. Wata safiya ya zo gaisuwa, ya tsaya yana duban rufin zauren. Na san wanga kallo, irin na ubansa ne.

Ya ce, "Inna, zauren ga na da iska ƙwarai. Albasa na son iska."

Na ce, "Ni ma ina son ta."

Ya ce, "Ki huta hakanan, mi kika rasa? In an cire albasar bana, zaure na nan wayam, sai in zuba ta ciki."

Gaskiya ya faɗi, ban rasa ci ko sutura ba. Amma ranar da albasa ta shiga zauren, ni cikin gida zan koma, in zauna da awaki, labarin gari ya riƙa iso ni bayan ya kwana. Na ce masa na ji, mu bari a cire albasar.

Ana cikin dashe sai ga wasu biyu sun zo sayen ƙosai, dukansu a zaurena sunka girma, yanzu kowa da iyali. Ɗaya masunci ne daga unguwar bakin gulbi, yana taɓa noman rani. Ɗayan manomin albasa ne na unguwarmu, mai baki kamar reza. Suna jiran a kwashe, kowa ya fiddo waya, manomin yana cewa jiya ya ba wayarsa kashi, babu mai iya masa a ƙasar ga.

Na ce, "Wa ya gani?"

Ya ce, "Inna, ai ga shi nan a rubuce."

Na ce, "Ni ban iya karatu ba. Wanda ya yi kokawa cikin ɗaki ya kulle ƙofa, ya fito ya ce ya yi kaye, sai matarsa ta yi masa guɗa, ita ma don tuwo."

Masuncin ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Inna, bar shi. Wanga tun muna yara ni ka cin shi."

Manomin ya ce, "Kai da hannunka ya saba da santsin tarwaɗa? A sa kuɗi."

Na ce ba a gidana ba. Sai masuncin ya ce, "To, wanda anka ci shi ɗauko injin ban ruwan ɗan uwansa daga fadama, a ka, ya biyo ta cikin kasuwa."

Duk wanda ya yi noman rani ya san ba a kwana a bar inji a gona, kuma ɗaukarsa aikin ƙane ne ko ɗan ƙodago. Magidanci ya ɗauki na sa'ansa a bainar jama'a, wannan ya fi tara ciwo. Na ce na yarda, babu caca a ciki. Washegari akwai suna a unguwar bakin gulbi, na je na zauna cikin mata na ce ina tausayin ɗansu, a tanadar masa gammo mai kauri. Kafin in dawo gida zancen ya riga ni.

Ranar kasuwa bayan azahar zaure ya cika, waje ya cika. Na sa anka ture talabijin biyu gefe, anka jawo babban tsakiya. Masunta gefe guda, 'yan unguwarmu gefe guda, wasu da waya a aljihu ba wanda ya fiddo ta. Muryata da na ɗauka ta tsufa sai ga ta. Manomin namu ya fara ci, ya miƙe yana tambayar masunta ko sun zo da gammon. Bai daɗe da zama ba anka rama, anka ƙara masa. Da la'asar sakaliya ya biyo ta layin masu kifi da inji a ka, tiyo na jan ƙasa, masuncin na biye da shi hannu a baya yana cewa, "Sannu dai, a kula da mai, kada ya zube."

Unguwarmu ba ta iya haɗiye wannan ba, ta nemi ramuwa kasuwa mai zuwa. Daga nan mahauta sunka kira masu kabu-kabu karawa, 'yan Rimawa sunka aiko. Na sai da talabijin biyun na sayi benci da faranti mai ɗaukar hasken rana, na huta da mai. Na ƙara doka ɗaya: ba mai buga gem shi kaɗai a zaurena, mai son haka ya je ga wayarsa. Masu gidajen da sunka rufe suna zuwa tambayata, nakan ce su rage inji su ƙara wurin zama. Ba a cika kullum kamar da, sai ranar kasuwa da Juma'a, kuma ban ce zai dawo kamar da ba. Amma muddin akwai unguwa biyu a gari, wagga sana'a tana da sauran kwana.

Da anka cire albasa ɗana ya zo ya iske ba wurin aza ƙafa. Ya je ya kafa rudu, rumfar ajiyar albasa, a bayan gida ya zuba abarsa.

Cikin waɗanda sunka ga farkon abin, malamin asibitin na ji yana raye a Zuru, ya yi ritaya. Wanda ruwa ya wuce gonarsa ya rasu, matarsa na nan, muna gaisawa a wurin biki. Mai gidan gem na bakin tasha ya koma birni wurin ɗiyansa. Masuncin da manomin duk suna nan, sun fara furfura, har yau ba su gama ramuwa ba. Sai ni, a bakin ƙofa.